Tayar da injin wankin Kawu bayan hunturun Minesota

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Injin wankin Kawu, irin mai feshin ruwa da matsi, ya ƙi tashi, ga shi aikin bana ya kusa buɗewa. Da zarar ƙanƙara ta narke a nan Miniyapolis da kewayenta, a jihar Minesota ta Amurka, mutane kan nemi mai wanke musu hanyar shiga gareji da dandamalin katako na bayan gida da bangon waje, domin gishirin da ake zubawa a tituna duk tsawon hunturu yakan bar farin tabo, yana kuma cin siminti. Da wannan sana'a Kawu yake ciyar da gidansa daga Mayu zuwa Oktoba. Da muka je yi masa barka da sallah ya ce mini ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi tsami, injin ko tari bai yi ba. Yau ya kawo shi. Zan riƙa rubuta abin da na gani da abin da na yi, ko wani mai irin wannan inji a ƙasar sanyi zai amfana.

Inji ne Honda GX200, mai silinda ɗaya, cc 196, an ɗaura masa famfon matsi mai fistin uku kai tsaye a kan sandarsa, babu bel a tsakani. Takardar da ke manne a jikinsa ta ce yana ba da matsi PSI 3,200 (PSI ma'aunin ƙarfin matsi ne) da ruwa galan 2.5 a minti, wajen lita tara da rabi ke nan. Duk wanda ya taso a gida ya san wannan inji, shi ne dai na markaɗe da na ban ruwa a fadama, ko na asali ko kwaikwayonsa. Tun ƙarshen Oktoba yake ajiye a wata 'yar bukkar katako da ba a ɗumama ta, a garin da sanyin Janairu kan zarce digiri 20 ƙasa da sifili.

Yau ban taɓa igiyar ba, tambaya na fara yi.

"Kawu, kun juye man tanki kafin ku ajiye shi?"

"A'a, ɗana. Wajen rabin tanki na bari a ciki."

"Famfon fa?"

"Shi kam na zuba masa ruwan nan mai launin hoda, na yi ta jan igiya har ya fito ta ɗaya gefen."

Wannan amsa ta biyu ta kwantar mini da hankali ƙwarai, domin ruwan hana daskarewa yake nufi. Kafireto ana wanke shi, amma kan famfon da ƙanƙara ta fasa sai dai a sayi wani, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Na tarar da makunnin mai a buɗe. Da na cire murfin tanki sai wani wari mai tsami ya bugi hancina, ba ƙamshin fetur mai rai ba. Na tsiyaye man tankin duka a kwalbar gilashi, na bar shi ya kwanta. Bayan ɗan lokaci ya rabu biyu: a sama fetur da ya yi duhu, a ƙasa wani siririn ruwa mai gurɓi-gurɓi.

Dalilin rabuwar yana cikin man da muke sha a wannan jiha. Tun 1997 dokar Minesota ta wajabta haɗa fetur da itanol, wanda ake tatsa daga masara, kuma man yau da kullum yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari. Itanol yana zuƙar laima daga iska. Muddin ruwan bai wuce wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, man yana riƙe shi, amma idan ya wuce haka, ko sanyi ya tsananta, sai itanol ɗin ya bi ruwan su kwanta a ƙasa. Tankin GX200 lita 3.1 yake ci, don haka babban cokali guda na ruwa ya isa ya ɓata cikakken tanki. Rabin tanki kuwa ya fi saurin lalacewa, saboda sararin da ke sama yana shaƙar iska mai laima duk lokacin da yanayi ya juya. Kuma daga ƙasan tanki kafireto yake sha. Akwai ƙari a kan haka: man da ake sayarwa daga tsakiyar Satumba haɗin hunturu ne, mai saurin tashi a iska, to sassansa marasa nauyi, waɗanda su ne ke kama wuta a bugun farko, sun daɗe da gudu.

Kafin in tashi na cire murfin fanka. Ɓeraye sun yi sheƙa da busasshiyar ciyawa da auduga a tsakanin haƙarƙarin silinda. Iska ce kaɗai ke sanyaya wannan inji, da an tayar da shi haka da ya ɗau zafi cikin mintuna. Na share, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba su ci ko ɗaya ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baƙin mai na fara dubawa. Ina kwance murfinsa ya malalo waje, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur. Makunnin da ya zauna a buɗe ya bar fetur yana ɗiga ta kafireto, ya gangara silinda, ya zarce cikin akwatin injin. Irin wannan mai ba ya riƙe ƙarfe. Na juye shi, na zuba sabon 10W-30, lita 0.6, injin yana zaune daidai a ƙasa, har man ya kawo bakin mazubi. Wannan inji yana da na'urar da ke kashe wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, shi ya sa wani lokaci mutum zai yi ta neman laifin fulogi alhali injin a karkace yake kawai.

Fulogin NGK BPR6ES ne. Ya yi baƙi amma bai ci ba. Na goge shi, na daidaita tsakanin bakinsa zuwa milimita 0.7, na jingina shi da jikin injin na ja igiya. Wuta shuɗiya, mai kyau. Soson iya kilina, wato matatar iska, ya bushe ya fara marmashewa, zan sayo sabo.

Sai batun ruwa. Tunda famfon a kan sandar injin yake, duk juyin da injin ya yi famfon ma ya yi, kuma idan ya juya a bushe robobin da ke rungume da fistin ɗinsa na tangaran sukan ƙone nan take. A nan kowane gida yakan rufe bututun ruwan waje daga ciki kafin sanyi ya shigo, don haka sai da na sauka ɗakin ƙasa na buɗe shi. Na haɗa tiyon lambu, na wanke 'yar rariyar da ke mashigar famfon, na bar tiyon matsi a cire domin ruwa ya riƙa fita kai tsaye zuwa ciyawa. Da haka injin ba ya ɗauke da kaya, famfon kuma yana shan ruwan sanyi.

Na fitar da shi fili sosai, nesa da ƙofar gareji. Hayaƙin ƙaramin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, kuma buɗe ƙofar gareji ba ya isa ya kore ta. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi sakaci da ita saboda gudun sanyi.

Na ɗiga fetur sabo kaɗan a maƙogwaron kafireto, na ja. Ya kama, ya yi gudu na 'yan daƙiƙoƙi, ya mutu. Wannan gwaji ya raba gardama: wuta tana nan, matsin silinda yana nan, mai ne ba ya isowa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Da yamma bayan na taso daga aiki na sauke kafireton. Kafin in cire komai na ɗauki hoton yadda sandar gwamna (na'urar da ke daidaita gudun injin) da siririn sifirin ɗinta suka saƙale a kansa, da jerin gaskit ɗin da ke gaba da baya, domin kowanne da fuskarsa, kuma idan aka juya ɗaya zai rufe wata ƙaramar hanyar iska. Noti biyu ne masu lamba 10 ke riƙe da shi tare da gwiwar iya kilina.

Na fara da ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai, wanda aikinsa tare datti. Akwai ɗigon ruwa da ɓurɓushin tsatsa a ciki. Da na buɗe babban kofin kuwa, gindinsa ya yi wani jan danƙo kamar busasshen maɗi, gefe guda kuma tsatsa ta fara kama shi inda ruwan ya kwanta. Fetur ɗin da ke kofin ya yi ta bushewa, tanki yana ƙaro wani ta makunnin da ke buɗe, shi ma ya bushe, kowane zubi yana barin nasa kason danƙon. Wata biyar ana haka.

Allurar da ke tsayar da mai idan kofi ya cika ta manne a mazauninta, bakinta na roba ya yi kaushi da datti. Ita ce ta bar fetur ya gangara cikin baƙin mai, daga baya kuma danƙo ya like ta ta hana shi shigowa gaba ɗaya. Na wanke ta, na duba ba ta yi zobe ba, za ta ci gaba da aiki.

Babban jet, wato ɗan sukurun mai siririn rami da mai ke bi, yana cikin sandar tsakiya. Wajibi ne a samu sukudireba da bakinta ya cika ramin daidai, domin tagulla ce, da ta zame sai kan ya lalace, shi ke nan kuma cirewa ta zama aiki. Na ɗaga shi ga fitila, haske ko kaɗan ba ya ratsawa. A bayansa akwai wani siririn bututu mai ƙananan huji a jikinsa, inda iska ke gauraya da mai kafin su shiga maƙogwaro. Mutane da yawa sukan tsaya a jet su manta da shi. Na tura shi ya faɗo, na tarar galibin hujin a toshe.

Na jiƙa su a ruwan wankin kafireto, sannan na zare silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe na bi kowane rami a hankali. Ba na sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, sun fi tagulla ƙarfi, kuma ramin da bai kai milimita ɗaya ba idan ya faɗaɗa ko da ƙanƙani ne, injin zai koma shan mai fiye da kima har abada. Na cire duk wata roba kafin fesawa, saboda ruwan wankin yana kumbura ta. Tankin na ɗauraye shi da sabon fetur, na haska ciki, babu tsatsa mai yawa.

Tsohon man yana cikin galan a rufe. Gundumar Hennepin tana karɓar irin wannan shara mai haɗari a wurinta na Brooklyn Park, can zan kai shi tare da baƙin man.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sababbin gaskit da iya kilina sun iso, na mayar da komai. Fetur kuma na sayo wanda babu itanol a ciki. Dokar jihar ta bar wasu gidajen mai su sayar da shi domin ƙananan injuna da jiragen ruwa da tsofaffin motoci, galibi mai lamba 91 ne, da rubutu a jikin famfonsa. Ya fi tsada, amma injin da tankinsa bai cika galan ɗaya ba ba zai talauta kowa ba. Wanda za a guje wa shi ne mai lamba 88 da ya yawaita a nan saboda araharsa, kashi 15 na itanol gare shi, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta amince a zuba shi a ƙananan injuna ba.

Na buɗe mai, na rufe cok, wato marfin da ke rage iska, na ja. Ya tashi. Kawu da ke tsaye a gefe ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya yi maka albarka." Sai dai ina buɗe cok ɗin gaba ɗaya sai muryarsa ta fara hawa da sauka, ya ɗauka ya saki, ya ɗauka ya saki, sandar gwamna tana kai da komo ana gani da ido. Idan na mayar da cok rabi sai ya daidaita.

A nan mutane da yawa suke kama gwamna da gyara, alhali shi aikinsa yake yi. Gwamna yana so ya riƙe injin a wajen juyi 3,600 a minti. Idan babu kaya a kan injin, ƙofar maƙogwaro kusan a rufe take, kuma a wannan hali ba babban jet ne ke ciyar da shi sosai ba, wani ƙarami ne da ke saman kafireto. Idan ƙaramin ya toshe, injin zai ji yunwa ya rage gudu, gwamna ya buɗe ƙofa, babban jet ya kawo mai, gudu ya wuce kima, gwamna ya sake rufewa, yunwa ta dawo. Rufe cok rabi yana rage iska ne kawai har ta yi daidai da ɗan man da ke isowa. Injunan da ake sayarwa a Amurka kuma tun daga masana'anta an tsuke musu mai saboda dokar hayaƙi, ba su da rarar da za ta ɓoye ko ɗan datti.

Wasu sukan bar shi a rabin cok su ci gaba da aiki. Ban yarda da haka ba. Da zarar kaya ya hau, babban jet zai kawo nasa a kan ƙarancin iska, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu.

Kawu ya ce, "Ɗana, ba gara mu sayi sabon kafireto mu huta ba? Na ga ana sayar da su a intanet da araha."

Na ce, "Kawu, ku ba ni zuwa gobe. Wannan naku bai tsufa ba, datti ne kawai ya rage a wuri ɗaya."

Dalilina shi ne, irin na arahar nan ba lallai ne girman jet ɗinsu ya dace da wannan inji ba, sai mutum ya musanya ciwon da ya sani da wanda zai fara nema daga farko. Kafireto yana cancantar canji idan jikinsa ya rube ya yi farin gari da ramuka, ko sandar ƙofar maƙogwaro ta ci tana girgiza tana shigar da iska. Na Kawu ba shi da ko ɗaya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ƙaramin jet ɗin baƙar roba ce, tana ɓoye a ƙarƙashin sukurun da ke saita gudun zaman injin. Na ƙirga juyin sukurun yayin cirewa don in mayar da shi yadda yake, na ɗago robar da bakin sukudireba. Raminta bai kai rabin milimita ba, kuma a like yake. Silin waya, feshi, iska, sai haske ya ratsa. Na shafa wa zoben robarta ɗigon mai na mayar.

Ya tashi, na buɗe cok duka, murya ɗaya ya riƙe. Na bar shi ya yi zafi, na sake juye baƙin man domin ragowar fetur ɗin da ya maƙale a ciki ya fita.

Wannan ciwo ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne. Injin ban ruwa da manomin rani ya jingine duk tsawon damina da mai a cikinsa, shi ma haka yake tashi a watan Nuwamba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau na haɗa tiyon matsi da bindigar feshi, na sa koren nozul, wato bakin feshi. Sai sabon al'amari ya ɓullo. Igiyar ta yi tauri, a ja na biyu ta fizge hannuna. Da na danne kunamar bindigar na ja, ya tashi lafiya, ruwa na fita da ƙarfi. Ina sakin kunamar sai injin ya shaƙe ya mutu nan take.

Wanda bai ga yadda injin ya yi gudu lafiya ranar Lahadi ba, zai koma kan kafireto. Amma abu ɗaya ne ya canza tsakanin ranar nan da yau, wato an rufe wa ruwa hanya. Duk da haka na fara da abin da ke gefen injin, domin taurin igiya yana da wani sanadin. A jikin sandar da ke buɗe bawul akwai wata 'yar dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin ja, don matsi ya ragu, kuma idan tsakanin bawul ya yi faɗi ba ta kai gare shi. Na jira injin ya huce sarai, na cire murfin kai, na kawo fistin sama a bugun matsi, na sa filageji, wato ma'aunin tsakanin bawul. Ƙa'ida milimita 0.15 ce a na shiga, 0.20 a na hayaƙi. Na shiga daidai yake, na hayaƙi ya ɗan buɗe, na saita shi. Da tiyo a cire igiyar ta yi laushi. Da tiyo a haɗe matsalar tana nan. To, famfo ne.

Irin wannan famfo ba ya san tsayawa. Kowane juyi sai ya tura ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Abin da ke ceton sa idan an saki kunama shi ne bawul ɗin sauke matsi, wanda ake kira anloda. Matsin da ya taru a tiyo yana tura wani ƙaramin fistin a kan sifirin mai ƙarfi, sai hanya ta buɗe, ruwan ya riƙa zagayawa daga mafita zuwa mashiga. Idan fistin ɗin ya maƙale, ruwa ba shi da wurin zuwa, sai famfon ya tsaya cak ya tsayar da injin tare da shi.

Na kashe ruwa, na danne kunama har matsi ya fita duka. Na yi wa notin saiti alama da fenti, ban taɓa shi ba, na kwance anlodan gaba ɗayansa daga gindi. Fistin ɗin ya ƙi motsi sai da na ɗan buga shi. Farin ƙanzo ya lulluɓe shi, irin wanda ruwan famfo mai ma'adinai ke bari idan ya bushe, zobban robarsa kuma sun bushe sun yi tauri. Ruwan hana daskarewa da Kawu ya zuba ya bi babbar hanya ya fita, bai shiga wannan lungu sosai ba, saboda ba ya buɗewa sai da matsi. Na jiƙa shi a ruwan tsami na binega, na goge da laushi, na sa sababbin zobba, na shafa giris ɗin silikon. Giris ɗin mota ba ya shiri da wasu robobin.

Wannan notin saiti yana ruɗar mutane, suna ɗaure shi da nufin ƙara ƙarfi. Ƙarfin feshi daga yawan ruwan famfo da girman ramin nozul yake fitowa. Ɗaure notin fiye da kima yana hana bawul ɗin buɗewa a kan lokaci ne kawai, kuma tiyo ko kan famfo ne zai biya.

Na mayar, na gwada. Na saki kunama, injin ya sauke murya ya ci gaba da gudu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kawu ya gwada shi a tsakiyar mako, ya kira ni: "Ɗana, hawa da saukar nan ta dawo." Da na je na saurara, ba irin ta farko ba ce. Idan ana feshi lafiya lau yake. Idan an saki kunama, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi injin ya yi wani gurnani gajere, tiyo ya zabura, ya lafa, can kuma ya maimaita. Cok bai canza komai ba, wannan kaɗai ya wanke kafireto.

Anloda yana zama a buɗe ne muddin matsin da ke kulle a tiyo yana nan. Idan akwai inda yake zurarewa, matsin zai faɗi, bawul ya rufe, famfo ya sake cika tiyon, injin ya ji kaya na ɗan lokaci. Gurnanin ke nan. Na bi mahaɗai da ido, sai na ga ruwa yana tsattsafowa daga cikin mariƙin bindigar. Na kashe komai, na sauke matsi, na buɗe robar mariƙin. Gidan bawul ɗin ciki ya tsage, siririn layi a jikin tagullar. Bindigar da tiyon an rataye su ne da ruwa a ciki, shi kuwa ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin ɗari, kuma babu tagullar da za ta riƙe shi.

Ba a laluben yoyon matsi da hannu. Siririn ruwa a wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, a waje a ga ɗan tabo kawai, a ciki kuwa ɓarna ce da ke bukatar likitan tiyata cikin gaggawa. Ba a kuma like irin wannan tsaga. Mun sayi sabuwar bindiga da aka rubuta tana ɗaukar PSI 4,000, gurnanin ya ɗauke.

Tunda ina wurin na leƙa tagar man famfon. Man garau yake, bai yi fari-fari ba, alamar ruwa bai ratsa robobin fistin ba. Ƙarƙashin kan famfon ma a bushe yake.

Asabar, 3 ga Mayu

Gwajin aiki a ƙofar garejin Kawu. Na sa gejin auna matsi tsakanin famfo da tiyo, da koren nozul mai buɗin digiri 25 da rami lamba 3.0, allurar ta tsaya a wajen PSI 2,800. Kawu ya ce ai takarda 3,200 ta ce. Na nuna masa lissafin: galan 2.5 a minti idan ya bi ramin 3.0, kusan 2,800 ɗin zai bayar, lambar takarda iyakar famfon ce. Mun yi aiki da koren a kan siminti, fari mai digiri 40 a kan katako. Jan nozul, wanda feshinsa ba ya bazuwa ko kaɗan, yana sassaƙe katako yana kuma zana siminti, na ba shi shawara ya bar shi a aljihun mota. Injin ya ƙone kusan tanki guda bai canza murya ba.

Na tuna masa kada ya bar shi yana gudu fiye da minti ɗaya ko biyu ba a feshi. Ruwan da ke zagayawa cikin famfo yana ɗaukar zafi da sauri, kuma ko da yake akwai wani ƙaramin bawul da ke zubar da shi idan ya kai wajen digiri 60, robobin suna shan wuya kafin nan.

Na rubuta masa kati na ɗaure a hannun injin domin Oktoba. A aikin ƙarshe ya rufe makunnin mai, ya kwance sukurun gindin kofi ya tsiyaye kafireto, ya juye tanki, in kuwa zai bar mai to ya cika shi da marar itanol da maganin adana fetur a ciki. Ya canza baƙin mai tun injin na da ɗumi, ya zuba ƙaramin cokali na mai ta ramin fulogi, ya ja igiya a hankali har ya ji ta yi nauyi, a nan bawul biyun suke a rufe. Famfo ya sha ruwansa mai launin hoda kamar bara. Bindiga da sanda da tiyo kuwa a raba su, a danne kunama a zazzage ruwan, a kai su ɗakin ƙasa inda ba sa daskarewa.

Abu ɗaya ya rage. Wajen taku uku daga bakin famfo, robar tiyon matsi ta goge har zaren ƙarfen ciki ya fito, ya fara tsatsa. Na yi odar sabo mai tsawon ƙafa 50, zai iso ranar Alhamis, Kawu kuma ya ɗage aikinsa na farko zuwa Asabar mai zuwa.